Kwalejin Fasaha ko Babbar Sakandare: Wacce Ta Fi Kawo Wa Yaro Kuɗi?

Da zarar yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, hanya takan rabu biyu a gabansa, ko da yake iyaye da yawa ɗaya kawai suke gani. Ta farko kowa ya san ta: ya wuce babbar sakandare, a sa shi ajin kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci, bayan shekara uku ya rubuta WAEC ko NECO, sannan a zuba wa JAMB ido. Ta biyu ita ce kwalejin fasaha, wato tekanikal. Ita ma shekara uku ce, sai dai yaro yakan zaɓi sana'a guda ya duƙufa a kanta: wayarin, walda, kanikanci, gini, kafinta, aikin famfo, gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, ɗinki ko girki. A ƙarshe ya rubuta jarrabawar hukumar NABTEB mai hedkwata a birnin Benin, ya fito da takardar shaidar fasaha ta ƙasa, wato NTC. Irin waɗannan kwalejoji suna nan kusa da mu: ta Wudil da ta Bagauda a Kano, ta Malali a Kaduna, ga kuma na tarayya a Kafanchan da Zuru da Dayi.

Tambayar da uba ko uwa ke son amsarta ba mai wuyar faɗa ba ce: wanne zai fi samun abin hannu, kuma yaushe? Ra'ayina shi ne amsar ba ta rataya ga sunan makarantar ba. Ta rataya ga inda karatun yaron zai tsaya a zahiri, ba inda ake masa fata ba. Yaron da karatunsa zai tsaya a aji shida, fasaha ta fi masa nesa ba kusa ba. Wanda zai kai ga zama likita ko lauya ko akanta, babbar sakandare ce hanyarsa. Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu shi ne a ɗora yaro kan hanyar jami'a alhali ba a da guzurin kai shi, ya sauka a tsakiya.

Mu fara da shi wannan mai sauka a tsakiyar, domin shi ne mafi yawa. A jarrabawar JAMB ta 2024, daga cikin ɗalibai sama da miliyan 1.8 da aka saki sakamakonsu, kimanin kashi uku cikin huɗu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Waɗannan ma su ne suka iya sayen fom. Yaron da ya gama ajin adabi da kiredit uku, babu Turanci babu Lissafi, me zai kai kasuwa ya sayar? Ya haddace ma'anar dimokuraɗiyya da sunayen koguna, amma babu wanda zai biya shi ko sisi saboda wannan. Abin da ke jiransa shi ne jiran shago, ko zaman rumfar POS, ko tuƙa adaidaita sahun wani yana kawo balas kullum. Ba aibu ba ne, neman halal ne, sai dai duk aikin da za a iya koya wa mutum cikin mako guda, to cikin mako guda za a iya maye gurbinsa, don haka ladansa ba ya tashi. Takwaransa da ya fito daga sashen lantarki, in har an koya masa da gaske, ranar da ya fito yana iya ja wa ɗaki biyu waya, ya ɗaura soket da fanka, ya gane inda wuta ta katse. Ko maigidan da zai ɗauke shi ba zai fara da shi daga share shago da sayo abinci ba.

Lissafin shekarun jira

Inda aka fi yin kuskure shi ne kwatanta albashin mai digiri da samun mai sana'a a wata guda, a manta da shekarun da ɗaya ya yi yana samu ɗaya yana kashewa. A ce yara biyu sun gama a shekara 18. Na farko ya nemi jami'a. Sau da yawa ba a samun gurbi a shekarar farko. Digiri shekara 4 ne, injiniyanci da lauya 5, likitanci 6, in an yi sa'a babu yajin aiki. A 2020 malaman jami'a sun yi kusan wata 9 a gida, a 2022 suka sake yin wata 8. Sai shekarar bautar ƙasa, wadda alawus ɗinta ya koma naira 77,000 a 2025, sai kuma yawon kai takardu ofis-ofis. Ba ƙari ba ne a ce sai ya kai 24 ko 25 kafin ya ga albashin farko.

Na biyun fa? Kada mu yi masa kwalliya. Mu ce shekara biyun farko yana ƙarƙashin maigida, kuɗin abinci da na mota kawai yake samu. Daga nan ya fara karɓar aikin kansa. Don misali kawai, mu auna shi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Shekara huɗu a kan haka ta ba shi naira miliyan 3 da dubu 360, kafin ɗan'uwansa ya karɓi ko kwabo na albashi. To in mai digirin ya sami aikin da ya ɗara na mai sana'ar da 40,000 a wata, sai ya yi shekara 7 cur kafin ya cike wannan giɓi, ba a ma sa kuɗin rajista da hostel da littattafai ba, balle bashin karatu na asusun gwamnati, wato NELFUND, in ya ci, wanda za a fara cira daga albashinsa shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amma in tazarar ta kai 100,000 a wata, bai cika shekara uku ba ya kamo shi, daga nan kuma sai dai mai sana'a ya hangi ƙurarsa. Duk gardamar tana cikin wannan tazara ne, kuma tazarar ta dogara ga irin digirin da kuma ko aikin ya samu. Likita da mai harhaɗa magunguna da ƙwararren akanta suna ɓangaren dubu ɗarin. Mai digirin da ya ƙare yana koyarwa a ƙaramar makarantar kuɗi ta unguwa, a kan albashin da bai kai mafi ƙaranci ba, shi tazarar ma juyewa ta yi.

Abin da takarda ke saye

A aikin gwamnati takarda ce sarki, wannan babu ja. Mai ƙaramar difloma yakan shiga a mataki na 6, mai NCE a na 7, mai digiri a na 8. Mai digiri yana iya hawa har mataki na 17. Mai babbar difloma kuwa an daɗe ana tsayar da shi a na 14, kuma ƙudirin da majalisar tarayya ta zartar a 2021 don kawar da wannan bambanci bai sami sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba. Ga albashi mai zuwa kowane wata ko an yi rashin lafiya, ga hutu, ga fansho, wanda a tsarin dokar 2014 ma'aikaci ke zuba kashi 8 mai ɗaukarsa aiki ya zuba kashi 10. Banki ma ya fi saurin bai wa mai albashi rance.

Mai sana'a ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan sai abin da ya tanadar wa kansa. Samunsa hawa da sauka ne. Tela yakan kwana a kan keke daga tsakiyar azumi har daren Salla, bayan Salla shago ya yi tsit. Magini yana kuka da damina. Mai walda rabin ribarsa janareta ke sha. Ga masu cewa "gama aikin tukuna, in an yi albashi zan kawo", wasunsu har abada. Ga kuma jiki: idon mai walda, bayan birkila, huhun mai fenti da na kafinta. Ƙarfi ƙarewa yake yi. Mai sana'ar da ya kai shekara 50 yana nan da kansa a kan tsani, bai tara yara ba, bai buɗe shagon sayar da kayan sana'arsa ba, bai fara karɓar kwangila ba, samunsa raguwa zai fara yi a daidai lokacin da ɗan ajinsu ma'aikaci ke zama darakta. An ɓullo da tsarin ƙaramin fansho na masu aikin kansu a 2019, amma ka zagaya gareji ka tambaya su nawa suka ji labarinsa.

Masu bincike sun ga wannan a wasu ƙasashe. Eric Hanushek da Ludger Woessmann da abokan aikinsu sun wallafa nazari a 2017 kan ƙasashe da dama, har da Jamus da Denmak da Suwizalan inda koyon sana'a ya kafu. Suka gano cewa masu ilimin sana'a sun fi saurin samun aiki da ƙuruciya, amma fifikon yana narkewa da tafiyar shekaru, har masu ilimin gama-gari su wuce su, saboda sun fi iya sauya sheƙa in zamani ya sauya. Mu ma shaida ne. Akwai lokacin da buga tafireta da gajeren rubutun sakatarori suke sana'a mai ci, har makaranta ake shiga dominsu, kwamfuta ta zo ta share su. Bakaniken da kafireto kawai ya sani, yau in an kawo masa motar da sai an jona mata na'ura ta faɗi ciwonta, sai dai ya tura ta gaba.

Sai dai akwai wani binciken da ya kamata a ajiye kusa da wancan. A 1973 ƙasar Romaniya ta sauya doka, ta mayar da ɗimbin yaran da da za su shiga makarantun sana'a zuwa karatun gama-gari. Ofer Malamud da Cristian Pop-Eleches suka bi sawun waɗanda dokar ta shafa da waɗanda suka kuɓuce mata da 'yan watanni. Na farkon sun rage shiga aikin hannu, amma a samun kuɗi da rashin aiki ba a ga wani bambanci ba. Ma'ana, yawancin ratar da ake gani tsakanin ɓangarorin biyu ba makarantar ce ta haifar da ita ba, tun asali yaran da ake turawa ne suka bambanta. Wannan ya yi daidai da halinmu. Mun mayar da tekanikal wurin da ake kai yaron da aka ce ba ya ja, sannan mu dawo mu ce ai 'yan tekanikal ba sa yin nisa. A Amurka kuma cibiyar bincike ta MDRC ta bi ɗaliban da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a zuwa sassan koyon aiki da ke cikin sakandare. Cikin shekara 8 bayan kammalawa samunsu ya ɗara na sauran da kashi 11, na samari maza da kashi 17, kuma hakan bai rage musu shiga manyan makarantu ba. Amma a lura, su waɗancan ba a yanke musu darussan aji ba, haɗa musu aka yi.

Me ya sa iyayenmu suka fi son boko zalla? Ba wauta ba ce. Tun 1965 Philip Foster, da ya yi nazari a Gana, ya nuna cewa iyaye lissafi suke yi: muddin aikin akawu ya fi na kafinta albashi, to makarantar da ke kai yaro ofis ita ce makarantar sana'a ta gaskiya a wurinsu. A zamanin da mai satifiket ɗin sakandare ke samun kujera a En'e ko a ma'aikata, lissafin daidai ne. Abin da ya sauya shi ne kujerun ba su ƙaru kamar yadda masu takarda suka ƙaru ba. Gaskiya kuma ɓangaren fasaha shi ma ya sha nasa dukan. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da yawa suka zama kango. Ɗan tekanikal na yau kada ya sa rai da ƙofar masana'anta. Mai aikin kansa zai zama, kuma wannan yana buƙatar abin da ba a cika koyarwa ba: yi wa aiki kuɗi, riƙe alkawari, da raba kuɗin kaya da na aljihu.

Sana'o'in ma ba ɗaya ba ne

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi tsawo a rana, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, masu hali da masu shago suka koma sola. Mayar da motoci zuwa masu amfani da iskar gas shi ma sabon fage ne. Gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki ba ya rasa kasuwa a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Ka leƙa manyan gine-ginen Abuja da Legas ka ji yaren masu ɗora tayil da masu aikin silin, da yawansu daga Togo da Jamhuriyar Benin suke, kuma ba don sun fi arha kawai ake kiransu ba, don layinsu yana fita a miƙe ne. A gefe guda kuma akwai sana'o'in da suka cika maƙil, a layi ɗaya ka ƙirga teloli biyar suna karya wa juna farashi.

Dubi aikin sola da kyau, domin shi ke nuna inda aji da bita suke haɗuwa. Maigida ya ce yana son fankoki da fitilu da talabijin da ƙaramin firiji su yi masa awa 5 da dare. Yaro ya duba jikin kowace na'ura ya tara, ya sami wat 800. Ya ninka da 5, ya zama 4,000. Inbatar mai bolt 24 ce, ya raba da 24, ya sami lambar batir kusan 167. Ya san batir mai ruwa ba a shanye masa fiye da rabi in ana son ya yi ƙarko, sai ya ninka biyu, ya ce wa maigida batir huɗu za a saya masu bolt 12 da lamba 200, a haɗa su biyu-biyu. Wanda ya koya da ido kawai, batir biyu zai sa domin haka ya ga an yi a gidan da ya gabata, bayan 'yan watanni su mutu, maigida ya yi ta yaɗa sunansa a majalisa. Na farkon shi ake ba aikin asibiti da na gidan mai, na biyun shi ke riƙe masa tsani. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsu Lissafin aji huɗu ne.

Shi ya sa nake ganin duk wanda zai kai ɗansa tekanikal ya sa masa ido a kan Turanci da Lissafi da Fiziks kamar yadda zai yi in ajin kimiyya ya kai shi. JAMB tana karɓar sakamakon NABTEB, don haka mai kiredit biyar yana iya wucewa foliteknik ko ya nemi injiniyanci a jami'a, yana karatu yana karɓar ƙananan ayyuka a ƙarshen mako. Hukumar COREN mai kula da aikin injiniya ma tana yi wa masu aikin hannu da masu difloma rajista a nasu matakin, ba injiniyoyi kaɗai ba, kuma akwai gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago mai mataki uku da kamfanoni ke tambaya. Wato ƙofar gaba ba a rufe take ba. Wadda takan rufu ita ce ta fannin lafiya, domin galibin sassan fasaha ba sa yin Bayoloji. Wannan ya fi shafar 'yan mata. Yarinyar da kanta ke ja, ajin kimiyya ya fi mata, saboda aikin jinya da ungozoma da sauran aikin asibiti suna neman mata ruwa a jallo a Arewa, kuma aiki ne da ba a cika rasa shi ba. Wadda kuma ake ganin aure zai riga jami'a zuwa, ɗinki ko girkin biki da ta ƙware a kai yana bin ta har ɗakinta, abin da satifiket ɗin aji shida ba ya yi.

Kafin a biya kuɗin fom

Duk abin da na faɗa na alherin fasaha ya rataya ga sharaɗi ɗaya: a ce makarantar tana koyarwa da hannu. Akwai kwalejojin da in ka shiga ɗakin bitarsu za ka tarar da injin gyaran ƙarfe lulluɓe da ƙura, bel ɗinsa ya tsinke tun tuni, yara na zaune a kan benci suna zana hotonsa a littafi suna rubuta sunayen sassansa. Yaron da ya fito daga nan ya yi biyu babu, bai sami sana'a ba, bai kuma sami karatun da zai yi gogayya da 'yan kimiyya ba. Gara masa babbar sakandare mai kyau da safe, gareji da yamma. Don haka a je da ƙafa ranar karatu, ba ranar ziyara ba. A dubi hannun 'yan aji uku da rigunan aikinsu, a tambaye su abin da suka ƙera a zangon nan, a ga ko akwai wuta ko janareta mai tashi, a tambayi malamin bita ko shi kansa yana karɓar aiki a waje. Malamin da babu mai ba shi aiki a gari, da wuya ya koyar da abin da gari ke saye.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da mayar da kwalejojinta na kimiyya da fasaha zuwa na fasaha zalla, karatu kyauta tare da alawus, kuma kashi 80 na lokaci a aikin hannu. Ta kuma rage darussan sana'a na sakandare, waɗanda manhajar 2011 ta kai su 34, zuwa guda shida, cikinsu har da sola da gyaran waya da ɗinki da kiwo. Sanarwa ce mai daɗin ji, amma darasin sana'a na minti arba'in a allo ba ya zama sana'a, kuma takardar gwamnati ba ta hana uba zuwa ya gani da idonsa.

Sai batun jari, wanda shi ne ke kayar da yara da yawa bayan sun koya. Uban da ya shirya biyan kuɗin jami'a na shekara huɗu, in aka ce ya sayi injin walda ko keken ɗinki na zamani ko akwatin kayan wayarin, sai ya ga kamar an zalunce shi. Alhali ba tare da kayan aiki ba, shekara biyun da muka ƙiyasta a ƙarƙashin maigida sai su zama shida, lissafin nan namu na miliyan uku ya rushe gaba ɗaya. A fara tara kayan tun yaro yana aji biyu, ko da adashi ne, yau mita gobe injin huda bango. In kuma za a damƙa shi ga maigida a Panteka ko wani gareji, a zauna gaban shaidu tun ranar farko a yanke shekarar da za a yaye shi da abin da za a riƙa ba shi in an fita aiki.